Sarkin Gobir na Ina? Tarihin Adireshi daga Alƙalawa zuwa Akwatin Imel

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su katse layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, domin a hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto. Kafin watan ya ƙare, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da irin wannan mataki a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, kuma Sabon Birni da Isa suna cikinsu. Aka wayi gari wayoyin hannu sun koma tocila da rediyo. Mai son ya ji lafiyar ɗansa da ke Legas, ko ya tabbatar kuɗin da aka turo masa sun shigo, sai ya kama hanyar da kowa ya san haɗarinta.

Mutanen bakin iyaka ba su daɗe ba suka sami mafita. Turakun sadarwar Jamhuriyar Nijar ba su san da umarnin Abuja ba, sabis ɗinsu kuwa yana tsallako iyaka ya shigo wasu ƙauyuka. Sai layukan Airtel na Nijar da Moov da Zamani suka yi kasuwa, aka riƙa hawa tudu ana ɗaga waya sama ana neman inda za ta kama. Rahotannin lokacin sun nuna cewa su ma 'yan bindigar abin da suka yi ke nan.

Sabon layin ya warware matsalar kira, amma ya bar wata a baya. Wanda ya sayi layin Nijar zai iya kiran duk wanda ya haddace lambarsa, sai dai duk wanda ke nemansa tsohuwar lamba zai buga. Ɗalibin da ya yi ƙoƙarin buɗe imel ɗinsa a wata waya dabam, Google ko Yahoo kan ce sun aika masa da lambobin tabbatarwa zuwa layin da ya yi rajista da shi, layin kuwa ba ya aiki. Wasiƙunsa suna nan lafiya lau a wata na'ura a can wata ƙasa, shi ne dai ba ya iya isa gare su.

Wannan ita ce matsalar da ke tattare da duk wata ƙaura daga gidan saƙo zuwa wani, ko na waya ne ko na imel. Kwashe tsofaffin wasiƙu aiki ne mai sauƙi. Abin da ke da wuya shi ne adireshi, wato sunan da mutane suka san mutum da shi, da kuma tambayar wa ke da ikon wannan suna. Ƙasar Gobir ta fi yawancin wurare sanin wannan tambaya, domin ta shafe ƙarnuka tana amsa ta.

Suna ɗaya, gidaje huɗu

Gobirawa mutanen ƙaura ne tun asali. Tarihinsu ya nuna sun gangaro daga ƙasar Azbin, suka zauna a Birnin Lalle, daga baya suka ƙara matsowa kudu zuwa kwarin Gulbin Rima, wanda a lokacin yake hannun Zamfarawa. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, ya gina Alƙalawa ta zama hedikwatar Gobir. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, a nan kuma Yunfa ya zauna lokacin da rikici ya ɓarke tsakaninsa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, har Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. A duk tsawon wannan zamani, wanda ya ce a kai saƙo ga Sarkin Gobir bai bukatar ƙarin bayani. Sarkin Gobir ɗaya ne, gidansa kuma sananne ne.

A 1808 dakarun jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello suka ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa, birnin ya watse. Kufansa yana nan a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta yau. Sarautar kuwa ba ta mutu da birnin ba. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka ɗauki tamburansu da sunan sarautarsu suka ci gaba da yaƙi, har aka yi gumurzun Gawakuke a 1836, inda Bello ya ci nasara a kan Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda. Bayan wannan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, wani ɗan gidan sarautar, Ɗan Halima, ya saɓa da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya komo kusa da kufan Alƙalawa ya kafa Sabon Birni da yardar Sakkwato. A ɗaya ɓangaren kuma, Sakkwato ta riga ta ɗauki sunan sarautar a matsayin abin da ta samu da yaƙi, tana naɗa 'ya'yan gidan Shehu da shi a garuruwan ribaɗi. Shi ya sa zuriyar Muhammadu Bello da ke Isa suke riƙe da sarautar Sarkin Gobir, a Gwadabawa ma ana riƙe da ita.

Daga nan sunan shi kaɗai ya daina isa. Dole a ce Sarkin Gobir na Tsibiri, ko na Sabon Birni, ko na Isa, ko na Gwadabawa. Suna ne a gaba, gida a baya, da ƙaramar kalmar “na” a tsakani. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya fahimci ginin adireshin imel. A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, yana neman hanyar da saƙo zai fita daga wata kwamfuta ya sami mutum a wata, sai ya zaɓi alamar @ ya sa ta tsakanin sunan mutum da sunan na'urar da ke riƙe da akwatinsa. Aikin da “na” ke yi a sarautun Gobir shi alamar ke yi. Musa na Gmail da Musa na Yahoo mutum biyu ne a idon intanet, ko da kuwa mutum ɗaya ne ya buɗe su.

Manzo da hatimi

Daular Sakkwato da wasiƙa aka tafiyar da ita. Ofishin Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ke kula da rubuce-rubucen da ke kai da komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa da sauransu. Ana rubuta wasiƙa da Larabci, a buga mata hatimi a sama, a ba manzo. Musayar wasiƙun da aka yi tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno kan halaccin jihadin tana cikin littafin Bello, Infaƙul Maisuri, ana karanta ta har yau.

A wannan tsari, ƙaura ba ta ɓatar da saƙo. Adireshin yana cikin kan manzo. Idan ya isa Sakkwato aka ce Sarkin Musulmi yana Wurno, sai ya juya akalar dokinsa ya nufi Wurno. Mutum ake nema, manzo kuwa yana da baki, yana iya tambaya. Hatimi ke tabbatar da wanda ya aiko, fuskar manzon da aka saba gani kuma tana ƙara tabbatarwa.

Abin da ba ya iya bin mai shi da kansa shi ne tarin wasiƙun da aka ajiye. A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas. A gidan Waziri Buhari Turawa suka tarar da wasiƙun da sarakuna suka riƙa aikowa, waɗanda ke ɗauke da labarin abin da suke gani da abin da suke tsoro yayin da Nasara ke matsowa. A 1927 wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya buga fassarar wasu daga cikinsu a Legas. Masana tarihi sun amfana ƙwarai da wannan aiki, amma waɗanda suka rubuta wasiƙun ba domin idon Bature suka rubuta ba. Akwatin da aka bari a tsohon gida, wanda ya gaji gidan ne zai buɗe shi.

Iyaka da gidan waya

Turawa sun zo da abu biyu da suka sauya ma'anar adireshi a Gobir. Na farko iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, sai Faransawa suka ga ba ta bar musu hanya mai ruwa zuwa Damagaram da Tafkin Chadi ba. Aka sake zama a 1904 da 1906, sannan tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya, masu zane ɗaya a fuska, suka zama mutanen ƙasashe biyu, wasiƙar hukuma daga wannan gari zuwa wancan kuma ta zama wasiƙar ƙasar waje.

Na biyu gidan waya, wanda sunansa ya samo asali daga wayar tangarahu da aka ja a kan turaku. Gidan waya ba ya neman mutum, wuri yake sani. Yana kai takarda akwati mai lamba, mai ita ya zo ya ɗauka. Da yake akwatunan kaɗan ne, kuma a manyan garuruwa suke, sai mutanen karkara suka dogara da kalmomin nan biyu, “ta hannun”. Ɗan ci-rani a Ibadan ko Kumasi zai rubuta sunan mahaifinsa, ya ƙara da ta hannun hedimasta, ko ta hannun hakimi, ko ta hannun wani ɗan kasuwa mai akwati. Saƙo yana isa muddin mai akwatin yana nan kuma ana shiri da shi. Ranar da aka yi wa hedimasta canjin wurin aiki, adireshin ƙauye guda ya tafi tare da shi. Saboda haka mutane ba su taɓa sakin tsohuwar hanya ba. Direbobin tasha da fatake suka ci gaba da ɗaukar takardu, daga baya har da kaset ɗin da aka naɗi murya a ciki, suna yin aikin manzon da.

Lambar da ta koyi ƙaura

A watan Janairu na 2001 NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Glo ta biyo baya a 2003, Etisalat a 2008. A karon farko talaka ya sami adireshin da ke tafiya da shi a aljihu. Lambobin farko suna faɗin gidan da mutum yake: 0803 na MTN, 0802 na Econet, 0805 na Glo, 0809 na Etisalat.

Masu 0802 sun ga wani abu da ya kamata a lura da shi. Kamfaninsu ya tashi daga Econet ya koma Vmobile, ya koma Celtel a 2006, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Masu gida sun yi ta sauyawa, lambar kowa tana nan yadda take. Amma wanda ya gaji da kamfaninsa ya so komawa wani, dole ya bar lambarsa a baya, ya bi abokan hulɗarsa ɗaya bayan ɗaya yana ba su sabuwa. Ɗan kasuwar da ya rubuta lambarsa a jikin shago ba zai yi wannan da wasa ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa waya mai layi biyu ta karɓu a Najeriya.

A ranar 22 ga Afrilu, 2013, NCC ta ƙaddamar da tsarin ƙaura da lamba. Mutum zai je ofishin kamfanin da yake son komawa da shaidarsa, ya aika kalmar PORT zuwa 3232, a ba shi sabon sim, lambarsa ta biyo shi kyauta. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne lambobin ba mallakar kamfanoni ba ne. Na ƙasa ne, hukuma ke rabawa, don haka tana da ikon cewa a ajiye rajista guda a tsakiya wadda za a riƙa dubawa kafin a haɗa kowane kira, a ga gidan da lambar take a yau. Sai dai ikon hukumar a bakin iyaka ya tsaya. Lambar da ta fara da +234 ba ta komawa +227, shi ya sa mutumin Sabon Birni da ya sayi layin Nijar a 2021 bai ƙaura da lambarsa ba, sabon mutum ya zama a idon na'ura.

Me ya sa imel ba ya yin haka?

Imel ya girmi wayar salula, kuma an gina shi a buɗe. Ƙa'idar aika saƙo da ake kira SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, ba ta kowane kamfani ba ce, shi ya sa mai Yahoo yake iya rubuta wa mai Gmail ba tare da wani shamaki ba. Idan aka aika saƙo, na'urar mai aikawa tana duba abin da ke bayan alamar @, wato sunan gida, ta tambayi babbar rajistar sunaye ta intanet, DNS, inda ake karɓar wasiƙun wannan gida. Amsar tana cikin wani layi da ake kira MX. Mai gidan ne kaɗai ke da ikon rubuta wannan layi ko sauya shi.

A nan bambancin yake. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, alal misali, tana da sunan gidanta, udusok.edu.ng. Hukuma irin wannan idan ta so barin kamfanin da ke riƙe mata wasiƙu ta koma wani, sai ta kwafe akwatunan, ta sauya layin MX, cikin sa'o'i sababbin saƙonni su fara sauka a sabon wuri, ba tare da adireshin kowa ya canja ba. Ta yi irin ƙaurar Gobirawan Tsibiri, ta tafi da sunanta. Wanda kuwa adireshinsa ya ƙare da gmail.com ko yahoo.com, ɗan haya ne a gidan wani, ko da bai biya ko kwabo ba. Sunan gidan na kamfanin ne, babu kuma wata hukuma a Abuja ko wani wuri da ke da rajistar da za ta tilasta a bar shi ya fita da shi. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

'Yan Najeriya da suka fara buɗe imel a shagunan intanet na farkon shekarun 2000 galibi Yahoo suka shiga, wanda ya fara a 1997, ko Hotmail na 1996. A ranar 1 ga Afrilu, 2004, Google ya fito da Gmail da wurin ajiya na gigabayit ɗaya, a lokacin da Yahoo ke ba da megabayit 4, Hotmail kuma 2. Amma abin da ya kwashe jama'ar arewa zuwa Gmail shi ne wayar Android, wadda ke neman asusun Google kafin a sauke manhaja daga rumbunta. A kasuwannin waya, mai sayarwa ko mai gyara shi ke buɗe wa mai saye adireshin nan take, ya zaɓa masa suna da kalmar sirri, wani lokaci ma ya sa tasa lambar a gurbin lambar ceto. Mutane da yawa suna da imel ba su san suna da shi ba. “Ta hannun” ce ta dawo da sabuwar riga.

Tarihin Yahoo ya nuna abin da ke iya samun ɗan haya. A 2013 kamfanin ya sanar cewa zai karɓe sunayen da aka yi shekara ba a buɗe ba ya ba wasu, sababbin masu sunayen kuma suka fara samun wasiƙun da aka aiko wa tsofaffin. A 2016 ya bayyana cewa an sace bayanan asusu miliyan 500 tun 2014, daga baya kuma aka tabbatar cewa wani kutse na 2013 ya shafi dukkan asusunsa biliyan 3. A watan Oktoba na 2016, daidai lokacin da mutane ke neman ficewa, aka dakatar da damar tura saƙo kai tsaye zuwa wani adireshi na ɗan lokaci, daga farkon 2021 kuma aka cire ta daga asusun kyauta. Kamfanin kansa an sayar da shi ga Verizon a 2017, aka sake sayarwa ga Apollo a 2021. Shi ma Google, daga watan Disamba na 2023, ya ba kansa ikon share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba, ko da yake ba ya sake ba wani sunan.

Yadda ƙaurar take

Duk da haka ana ƙaura, kuma tana da tsarinta. Ana fara buɗe sabon akwati tun tsohon yana aiki, kamar yadda ba a rushe tsohon ɗaki sai an rufa sabo. Sannan a kwashe tsofaffin wasiƙu. Ƙa'idar IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙira a 1986, tana ba manhaja dama ta buɗe akwatuna biyu a lokaci guda a kwafe daga wannan zuwa wancan, Google kuma tun 2011 yana da Takeout, inda mutum ke sauke bayanansa ya ajiye a wurinsa. Wannan ɓangare na'ura ce ke yin sa, yini ɗaya ko biyu ya isa.

Sauran aikin na mutum ne. Dole ya zauna ya lissafa duk inda ya taɓa ba da tsohon adireshin: banki, makaranta, wurin aiki, Facebook, hukumomin gwamnati, ya shiga kowanne ya sauya tun yana da ikon karɓar saƙon tabbatarwa a tsohon akwatin. Idan tsohon gidan ya yarda da tura saƙo kai tsaye, sai a kunna, ya zama manzon da ke cewa mai gidan ya koma wuri kaza. Ba a rufe tsohon akwati da gaggawa, ana barinsa watanni ana leƙawa, domin kullum akwai wanda aka manta. Kafin a bar shi kuma ana share abin da ba a so wani ya gani, saboda darasin gidan Waziri Buhari.

Ga matashin Isa ko Sabon Birni wannan lissafi yana da nauyi. Rajistar JAMB tana tafiya da lambar waya da lambar NIN da imel, rajistar hidimar ƙasa ta NYSC tana neman imel mai aiki, haka ma neman aikin gwamnati da tallafin karatu. Wanda mai shagon intanet ya buɗe masa adireshi a ranar rajista, ya tafi bai rubuta kalmar sirri ba, zai iya dawowa bayan shekara ya tarar shagon ya tashi. Mabuɗin ceto kuwa layin waya ne, layin waya kuma yana da nasa haɗurra a wannan yanki. Ana ƙwace waya a hanya, ana barinta a gida a daren gudu. Tun Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layi da NIN, a Afrilu na 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, sai lambobin tabbatarwa na imel da na banki su riƙa zuwa hannun baƙo. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga wannan yanki da maƙwabtansa na Zamfara da Katsina suka tsallaka Jihar Maraɗi, da yawansu a yankin Gidan Rumji. Wanda ya yi shekara a can yana amfani da layin Nijar, tsohon layinsa yana iya zama na wani kafin ya dawo.

Maganin da ƙwararru ke bayarwa shi ne mutum ya mallaki sunan gidansa. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng, kuma kowa na iya yin rajista ya riƙa sabuntawa duk shekara. Wannan ya dace da makaranta da asibiti da ƙungiya da ɗan kasuwa mai hulɗa da nesa, domin ranar da suka sauya kamfani ba wanda zai san an yi. Amma shi ma haya ne ta wata fuska, shekarar da aka kasa biya sunan yana iya fita daga hannu. Ga manomin da ke tunanin kuɗin taki, abin da ya fi kusa shi ne ƙananan matakai. Ya san adireshinsa da kalmar sirrinsa da kansa, ya tabbatar lambar ceto tasa ce, ya ƙara adireshi na biyu na wani amintacce da ke zaune a wani gari, ya kuma rubuta lambobin ajiya da Google ke bayarwa domin ranar da babu sabis, ya adana su a takarda tare da takardun gona da na makaranta.

Da aka maido da sabis bayan katsewar 2021, wayoyi suka yi ta ƙara da saƙonnin da suka taru. Waɗanda layinsu da kalmar sirrinsu ke hannunsu sun tarar da akwatunansu yadda suka bar su, wasiƙu suna jere bisa kwanan wata. Waɗanda aka buɗe wa ta hannun wani, ko waɗanda wayarsu ta salwanta a tsakani, da yawa sai suka koma wurin mai gyaran waya a kasuwa, ya buɗe musu sabon adireshi, da sunansu na da, da wasu lambobi a ƙarshe domin a bambanta shi da na farko, wanda har yanzu yake karɓar saƙo.